Satar Tashi

Ku matso nan, ku kife wayoyin nan bisa tabarma. Ɗazu na ji kuna kallon masu iyo cikin wani ruwa mai launin shuni, har ɗayanku na cewa aikin mai farin kayan da ke tsaye a baki ba aiki ba ne, busa usur ce kawai a koma inuwa. To ni Ige, kakarku, da ban taɓa zama ajin boko ba, na yi alƙalancin iyo na 'yan matan sakandare a Kaura. Ku saurara ku ji yadda ake yin sa.

A bakin gulbi anka haife ni, can ƙasar Zurmi. Ubana mai fito ne. In damina ta yi ƙarfi gulbi ya kawo, shi ke ɗora mutane da kayansu bisa gora ya tura su ƙetare. Tun ban fi tsawon turmi ba ya ɗaura mini ƙaramin gora a ƙirji ya sake ni cikin ruwa. Na sha, na amayar, na sake sha, har ruwa ya gaji ya bar ni. Da girma ya zo, zama ya kawo ni Kaura, na samu aikin tuƙa tuwo a makarantar kwana ta 'yan mata.

Shekarar da anka raba mu da Sakkwato anka ba mu jiharmu, kowa ya tashi da son yin sabon abu. Hajiya shugabar makarantarmu ita nata sabon abin iyo ne, kuma tana da dalili. Wata ɗalibarta ta tafi hutu cikin damina, ruwa ya ci ta a mashigi, wurin da bai fi ƙarfin wanda ya iya ba. Hajiya ta ce ba za a sake ba. Bayan makaranta akwai wani babban kududdufi da masu aikin titi sunka haƙa, ruwa na kwana ciki har bayan kaka. Nan Malam Isiyaku, malamin wasanni, ya fara koya wa yara. Ni aikina a lokacin in tsaya cikin ruwa iyaka ƙirji, wadda ta fara shan ruwa in cafko ta. Abu ya yi daɗi, har makarantar Shinkafi da ta Zurmi sunka shigo, anka riƙa yin gasa duk kaka.

Sai Shari'a ta zo. Anka ce namiji ba zai tsaya kan 'yan mata suna cikin ruwa ba, kowa ya ce gaskiya ne, har shi Malam Isiyaku. Anka kewaye kududdufin da zana mai tsawo. Saura wa zai yi alƙalanci? Dole ta zama mace, kuma dole ta iya tsamo wadda ta nutse. Hajiya ta duba gabas ta duba yamma, ta iske ni da muciya a hannu.

Koyon aikin bayan kicin munka yi shi. Ina tuƙi, Malam Isiyaku na karanto mini dokoki, ina maimaitawa kamar 'yar makarantar allo. Ranar da zai nuna mini iyon kwaɗo, sai ya kwanta rub da ciki bisa benci, yana buɗe hannuwa yana harba ƙafafu, yana ɗago kai yana shaƙar iska. Muna cikin haka sai ga Baba Modu maigadi, wani tsohon Babarbare mai tsage a fuska. Ya tsaya ya duba, ya yi salati, ya ɗauki bokitin wankin gero ya juye wa Malam a ka.

"Ku riƙe shi! Iska ce ta buge shi!"

Malam ya miƙe ƙasari na zuba daga gemunsa. "Baba, darasi nake yi!"

"To Allah shi sauwaƙe darasin," in ji Baba Modu, ya wuce abinsa.

Gyaran ruwa shi ne farkon aiki, kuma ba wanda ke ganin sa. Kafin gasa sai na bi kududdufin nan da tafin ƙafata, kusurwa zuwa kusurwa, ina laluben ƙaya da fasasshen kwalba. Matsattsaku in sun yi yawa, ni ce ta farko da za su gaya wa. Wata shekara na fidda kunkuru, na kai shi nesa, na dawo na iske ya riga ni komowa. Bayan nan mu kafa gungumen giginya a wannan baki da wancan, mu ja igiyoyi daga gungume zuwa gungume, mu ɗaura musu jarkoki don su yi ta yawo bisa ruwa. Tsakanin igiya da igiya gonar yarinya guda ke nan. Sutura kuwa wando ne har idon sawu, da riga mai dogon hannu, da ɗankwali da ni da kaina nake ɗaure wa kowacce. Zane na hana shi tun ranar da wata ta kai gaci ita kaɗai, zanenta ya zo na biyu.

Malam Isiyaku yana zaune bayan zana, ya ba mu baya, da agogonsa na latsawa a hannu. In na busa usur ya latsa. In ta farko ta taɓa gungume, sai a buga masa tasa ya sake latsawa. Ranar farko da munka buga tasar nan, 'yan aji ɗaya kaf sunka sheƙa ɗakin cin abinci da kwanoninsu, sunka yi layi, ba wanda ya iya ba su haƙuri sai da anka soya musu gyaɗa.

Ku da kuke kallon ruwa garau har kuna ƙirga yatsun mai iyo, ku sani namu ruwan kamar kunun kanwa yake. Yarinya na iya taka ƙasa tana tafiya abinta, hannuwa na dukan ruwa a sama, fuska ta yi kalar wahala. Ba ƙafarta za ki duba ba, don ba ki ganin ta. Kanta za ki duba. Kan mai iyo yana sulalawa, kan mai tafiya yana ɗingishi. Sa'annan ki duba bayanta, za ki ga baƙar laka na tasowa tana bin ta kamar hayaƙi. A iyon kwaɗo dole hannu biyu su taɓa gungume tare. A iyon rigingine ba a kifewa sai an isa. Ba a jan igiya, ba a jan rigar maƙwabciya, ba a cizo. Kada ku yi dariya, an yi.

Dokokin nan da Turanci Malam yake faɗin su, ni kuwa harshena bai ɗauka, sai na raɗa musu suna da kaina. Wadda ta taka ƙasa, ta yi noma. Wadda ta ƙetare igiya, ta shiga gonar wata. Wadda ta faɗa ruwa kafin usur, ta yi satar tashi. Ta farko a yafe, a mai da kowa baki. Ta biyu in ɗaga jan ƙyalle, ta fita.

Kuma duk cikin aikin babu mai wuya kamar ɗan shirun nan. In kin ce "ku hau gungume," kin ce "ku shirya," sai ki yi shiru kafin ki busa. In kin gajarta, wata ba ta gama tsayuwa ba, kin cuce ta. In kin tsawaita, ƙafafu su fara rawa, kin cuce su duka. In kullum tsawonsa guda ne, su haddace ki. Wannan shirun shi ne alƙalanci, sauran duk igiya ce da jarka.

To, shekarar da abin ya so ya ɓaci, muna da wata yarinya 'yar ajin ƙarshe, Kulu, ɗiyar Sambo, wani Bafillace makiyayi daga wajen Dauran. Wutsiyar shanu ta koya mata iyo, wurin ƙetare gulbi. Ban taɓa ganin mai tsaga ruwa irinta ba. In ta shiga, sauran sai ka ce wanki sunka zo yi. Makaranta duka ta sa rai a kanta, har 'yan kicin mun jiƙa zoɓo tun ba a fara ba.

Anka zo tseren ƙarshe, ita da 'yar Shinkafi da 'yar Zurmi. Na ce ku shirya. Ban busa ba sai na ji tsulum. Kulu ce. Na mai da kowa baki, na ce, "Kulu, saura guda." Ta ce to, Inna. Na ce ku shirya. Tsulum.

Na ɗaga jan ƙyalle. Da ƙarfi na faɗa, don doka ta ce a faɗa kowa ya ji, har Malam da ke bayan zana.

"Kulu, kin yi sata! Na yanke, fito!"

'Yan makarantarmu sunka ɗora hannu a ka. 'Yar Shinkafi ta ci, motarsu ta tashi da waƙa, mu munka shanye zoɓonmu ba mai kallon wani.

Abin da ban lura da shi ba, bayan zana ba Malam Isiyaku kaɗai ke da kunne ba. Akwai mata masu ƙosai da masu dafaffiyar gyaɗa, ba su ga komi ba, amma sun ji. Ku tuna lokacin, ko'ina ka zauna maganar kotu ake da hukuncin ɓarawo. Magana ta hau mota. A tashar Kaura, wata 'yar makaranta ta yi sata. A Zurmi, ɗiyar Sambo ce ta Dauran, kuma alƙaliya ta yanke. Kafin ta kai kasuwar Shinkafi ran Alhamis, tambaya guda ta rage, dama ko hagu. Can cikin kara, tsakiyar dillalan shanu, maganar ta iske uban yarinya.

Muna rabon koko da safe sai ga mutum a bakin ƙofa, dogo, siriri, da malfa da sanda a kafaɗa, ƙura har gwiwa, yana jaye da karsana. Baba Modu bai iya tare shi ba. Anka kira Kulu. Bai amsa gaisuwarta ba, ya kama hannunta na dama ya juya, ya kama na hagu ya juya, ya bi yatsun ɗaya bayan ɗaya. Sai ya sauke numfashi, ya ce alhamdu lillahi. Sa'annan fuskarsa ta ɗaure.

"Je ki ɗauko akwatinki."

Hajiya ta fito da sauri. "Malam Sambo, lafiya? Jarabawar fita ta kusa, ina za ka kai ta?"

"Gida. Tun kakan kakana ba a taɓa kiran ɗan gidanmu ɓarawo ba. Boko ya koya mata, boko ya ƙare. Ga karsana a biya mai kaya. Ina alƙaliyar take?"

Anka nuna ni. Ina tsaye da ludayi, zanena duk koko. Ya dube ni sama da ƙasa, ya duba bayana ko akwai wata. Da ya ga babu, sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa.

"Allah shi gafarta Inna. Mi tas sata?"

"Tashi," na ce.

"Tashi? Na wa?"

"Na kowa da kowa."

"Subhanallahi. Ina tak kai shi?"

"Cikin ruwa ta faɗa da shi."

"An tsamo?"

Malam Isiyaku ya shigo tsakani zai gyara, ya yi bayani mai kyau, sai dai rabinsa Turanci ne, kuma duk inda Turanci ya fito Sambo sai ya ƙara tabbata laifin babba ne. Kulu ta dawo da akwati a ka, ta tsaya gefe, hawaye na zuba ba ta share ba.

Da ƙyar ya gane cewa ba kayan kowa ta ɗauka ba, tsere ne cikin ruwa. Amma bai sauko ba. Ya ce shi ba ruwansa da ruwa, sunan da anka kira ta da shi gaban jama'a ya riga ya shiga kasuwa. Abu guda zai sa ya bar ta, in tsaya gaban makaranta in ce ƙarya na yi mata, ba ta yi komi ba.

Hajiya ta matso kusa da kunnena. "Inna Ige, ki faɗa mana kawai, a wuce wurin."

Na ce, "Hajiya, in ce ba ɓarauniya ba ce, zan faɗa har bisa hasumiya, ko allurar wani ba ta taɓa ɗauka ba. Amma in ce ba ta riga usur ba, ta riga. In na janye, 'yar Shinkafi fa? A karɓe mata abin da ta ci? Baɗi kuma wa zai tsaya in na ce ku shirya?"

Sambo ya miƙe ya sa takalminsa. "Ɗiyata in an ce ta jira, tana jira. Mu da munyal anka san mu." Haƙuri ke nan da Fillanci. Ya buɗe gefen rigarsa ya nuna tabon bulala a haƙarƙari. "Wanga na sharo ne. Ko ƙiftawa ban yi ba. Jinina ba ya gaggawa. Kulu, mu tafi."

Sai Baba Modu ya yi gyaran murya daga bakin ƙofa. Kun san tsakanin Babarbare da Bafillace akwai wasa, kowa na cewa shi ne ubangijin wani, kuma ba a fushi.

"Kai bawana, wane haƙuri gare ka? Ku da in kun ji ƙamshin fura kuke tsallake rijiya?"

"Rufe mini baki, tsohon bawa. Gadi anka ba ka, ba magana ba."

"To ga tsamiya can. Ni da kai. Inna ta busa mana, a ga mai jira."

"Da kai? Da wagga ƙafa taka mai kama da taɓarya?"

"Tsoro kake ji, ɗan nono?"

Ai kafin Hajiya ta ce wani abu, Sambo ya miƙa wa Kulu malfa da igiyar karsana, ya naɗe riga ya soke a wando. Baba Modu ya tuɓe kwat ɗinsa na gadi ya ninke. Labari ya zaga azuzuwa, yara sunka fito da kofunan koko a hannu, malamai na korar su suna kuma neman wurin tsayawa. Na aika anka ɗauko mini usur da jan ƙyalle. Na ja layi a ƙasa da bakin ludayi, na gaya musu doka kamar yadda nake gaya wa kowa, ba wanda zai motsa sai ya ji usur, ta farko a yafe, ta biyu a fita.

"Ku hau layi. Ku shirya."

Na yi shiruna, daidai wanda nake yi wa yara, ban ƙara ba ban rage ba.

Sambo ya tashi kamar barewa. Wallahi mutumin nan yana da gudu. Ya isa tsamiya, ya dafa ta, ya juyo yana haki yana neman abokin tsere. Baba Modu na nan bisa layi, ya harɗe hannuwa, ko yatsa bai ɗaga ba. Usur na bakina, ba ta yi kuka ba.

Wata 'yar aji ɗaya ce ta fara, da siririyar murya. "Sata!" Sai makaranta duka ta ɗauka.

Ya dawo da sauri yana nuna ni. "Kumatunki sun kumbura! Na gani da idona, kin cika su da iska!"

"Ka ji usur?"

Ya sunkuya yana kakkaɓe ƙurar wandonsa.

"Malam Sambo, ka ji usur?"

"Ban ji ba."

Kulu ta ce a hankali, daga ƙarƙashin akwati, "Baffa, ni ma su na gani."

Ya waiwaya ya dube ta. Ashe abin nasu na kiwo ne. Mai bin shanu ba ya jiran saniya ta zabura, tun tana tattara jiki ya riga ta. Ni kaina sai ran nan na gane inda ta samo shi.

"A sake," in ji Sambo. "Kin ce ta farko yafiya ce."

Wannan karon ya kau da kai daga gare ni, ya ƙura wa tsamiya ido, ya kafa dugadugai cikin ƙasa, yana motsa baki, ina jin addu'a yake. Na ce ku shirya. Na ga gwiwarsa ta fara kaɗawa. Na ga ya cije leɓe. Baba Modu na gefe kamar an dasa shi. Ban kai ga busawa ba, ƙafar hagu ta tafi, ta dama ta bi ta, mai su ya biyo baya yana cewa, "Kai! Kai! Kai!" kamar yana tsawata wa maraƙi.

Na ɗaga jan ƙyalle.

"Malam Sambo, ka yi sata. Na yanke, fito."

Yara sunka zube ƙasa. Koko ya malale. Malam Isiyaku ya rungume itacen tuta yana share ido, Hajiya ta cusa gyale a baki ta juya baya. Baba Modu ya taka a hankali har tsamiya, ya dafa ta da hannu biyu, ya dawo ya sa kwat ɗinsa. Shi kuwa Sambo ya tsaya tsakiyar fili, ya ɗaga hannuwansa ya dube su, dama da hagu. Sai ya karɓi malfarsa ya rufe fuska da ita, ya tsuguna, kafaɗunsa na rawa. Bafillace ba ya son a ga haƙoransa gaban ɗiyarsa.

Da ya samu kansa ya miƙe ya gyara riga.

"Inna alƙaliya, mi ne hukuncin?"

"Ka jira baɗi."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Ita ma?"

"Ita baɗi ta gama makaranta, in ka bar ta ta gama."

Ya daɗe yana kallon akwatin nan bisa kanta. Sa'annan ya ce, "Sauke. Mai da shi inda kika ɗauko." Kuma nan ta zauna har ta rubuta jarabawarta.

Baba Modu ya ce kada ya damu da kasuwar Shinkafi, shi da kansa zai je ran Alhamis ya shaida wa dillalai cewa yarinya ba ta da laifi, gado ta yi. Sambo ya ce in ya kuskura ya taka kara sai ya sayar da shi a kuɗin akuya. Munka ba shi koko ya sha a tsaye, ya ja karsanarsa. Ya kai bakin ƙofa sai ya juyo, ya kira Kulu, ya yi mata magana da Fillanci, fuska a murtuke, yana kaɗa yatsa. Ta durƙusa ta ce to.

Da ya ɓace na ce, "Ke, mi ya ce miki?"

Ta ce, "Cewa ya yi in daina kallon kumatun manya, rashin kunya ne."